Tramex Skipper Plus: abin da take iya faɗa idan cikin jirgin faiba ya kumbura

Idan shimfiɗar robar da ta lulluɓe cikin jirgin ruwa na faiba (roba mai zaren gilashi) ta kumbura, tambayar mai jirgi ɗaya ce: ruwa ne a ƙarƙashi? Saboda ita masu duba jirage ke yawo da Skipper Plus ta kamfanin Tramex na ƙasar Ailan. 'Yar na'ura ce ta riƙewa a hannu, batir ɗinta mai bolt 9, da allura a fuska da tattausar roba a gindi. Ba ta huda komai. Ka ɗora ta a jikin jirgi, ta aika siginar lantarki mai rauni zuwa zurfin kusan milimita 30, allura ta tashi gwargwadon danshin da ta tarar.

A katako tana ba da kaso cikin ɗari, daga 5 zuwa 30. A faiba kuwa lamba ce daga 0 zuwa 100, kuma a nan ake tafka kuskure. Idan ta nuna 60, ba wai kashi 60 ruwa ba ne. Lambar kwatance ce, ba ta da ma'ana sai an ajiye ta kusa da wata. Don haka a fara da wurin da aka tabbata busasshe ne, can sama da iyakar ruwa, a rubuta abin da ya nuna. Sannan a zana layuka da fensir kewaye da kumburin, tazarar santimita 10, a bi kowane gida ana rubuta lambarsa a jiki. A wannan aikin na'urar ba ta da makusa. Taswirar da za ta fito takan nuna danshi yana ƙaruwa zuwa wani noti na kujera, ko gindin ƙarfen dafawa, ko bakin magudanar da gam ɗinta ya mutu. Ƙofar ruwan ke nan, kuma sau da yawa tana nesa da kumburin, a samansa.

Rauninta shi ne duk abin da ke ɗaukar lantarki ruwa ne a wurinta. Farantin ƙarfe da aka binne don riƙe noti, waya, tankin mai na alminiyam, zaren kabon, fentin ƙasan jirgi mai tagulla, duk suna ɗaga allura. Gishiri ma haka, domin yana jan laima daga iska. A wanke wurin da ruwan daɗi, a kwashe wanda ya kwanta a ƙasan jirgi, a bar shi ya sha iska kafin a auna. Awon sassafe cikin raɓa ɓata lokaci ne.

Akwai raunin da ya fi wannan haɗari, kuma a kan kumburin kansa yake faruwa. Idan robar ta rabu da abin da ke bayanta, iska ce a tsakani, siginar kuma ba ta ƙetare ta da ƙarfi. Sai tsakiyar kumburin ya nuna bushe alhali soso ko katakon da ake sawa tsakanin robar da jikin jirgi ya jiƙe sharkaf. Wanda ya ɗora na'urar a kan tudun kawai ya ce lafiya lau, ya yaudari kansa. A auna gefe, inda robar ke manne, sannan a danna tsakiyar da tafin hannu a sake aunawa. In allura ta yi tsalle, akwai magana.

Shi ya sa ba a raba ta da ƙaramar gudumar roba. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Inda ya saki kuwa sai ka ji "fuf", kamar ganga mai sakakkiyar fata. Inda guduma da allura suka yi ittifaƙi, nan za a huda. Bakin dirila na milimita 6 ya isa, a naɗa masa salatif a iyakar kaurin robar don kada a zarce a fasa jikin jirgi, a kuma huda a ƙasan kumburin. A sa tabarau. Ruwa mai warin khal alamar cewa gam ɗin faiba ya fara ruɓewa ne, kuma yakan fito da ƙarfi, yana ƙona ido. Garin katako fari busasshe lafiya ne. Baƙi mai cuɗewa a yatsa, katakon ciki ya ruɓe. Idan soso ne, a matsa shi a gani ko zai yi hawaye.

In ramin ya fito a bushe, a nemi dalili a wani wajen. A ƙasashen sanyi ruwan da ya taɓa shiga ya zama ƙanƙara na iya zama dalili, tunda ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. A ƙasa mai zafi a fi zargin rana: iskar da ta maƙale tana buɗewa, roba ta yi laushi ta miƙe. A kuma leƙa ƙasan jirgin, domin tayar tirelar da ake ɗora jirgin a kai, in ta daɗe tana tokare wuri ɗaya, tana tura jiki zuwa ciki.

Na'urar ba ta faɗin yawan ruwan da soso ya sha. Sikeli ne ke faɗa: a auna jirgin ba inji ba kaya, a cire nauyin da kamfanin da ya ƙera jirgin ya rubuta, kowane kilo ɗaya da ya rage lita ɗaya ne.

Ga mai gyara ko dillalin tsofaffin jirage, ta cancanci kuɗinta, musamman wajen bin sawun bushewa mako bayan mako kafin a rufe rami. Mai jirgi ɗaya gara ya yi haya ko ya kira mai ita. Wajen toshe ramukan gwaji, gam ɗin ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sai lamba ta sauko kusa da ta busasshen wurin farko. Na kamfanin West System mai lamba 105 ana haɗa shi da sinadarin daskarar da shi mai lamba 205, kashi 5 na gam da kashi 1 na sinadarin. Amma a tabbatar da irin robar tukuna: in ABS ce (wata irin roba mai tauri) ba faiba ba, tana buƙatar gam nata daban.