Man goge fenti da na gwada a kan motata

Corolla ce 2008, baƙa, ita nake kai yara makaranta da ita, ita nake zuwa Daura gaida tsohuwa da ita ranar Juma'a. Watan jiya na ajiye ta kusa da Babbar Kasuwar Katsina, ina dawowa na tarar an karta ƙofar baya, da alama mai keke napep ne ya matse ta ya wuce. Layi huɗu farare a kan baƙin fenti. Raina ya ɓaci sosai, don motar nan da gumina na same ta.

Kafin in sayi komai sai na biya wajen wani dattijo mai fenti a wajajen Ƙofar Ƙaura. Bai taɓa maganar kuɗi ba, buta ya ɗauko ya zuba ruwa a kan wurin. Layi uku suka ɓace kamar ba su, na huɗu yana nan fari fat. Ya sa farce ya ja a kansa, farcen ya maƙale. Ya ce, "Alhaji, ukun nan a fatar sama suke, man gogewa zai cire su. Wannan kuwa ya ci har ƙasa, sai fenti." Na ce, "Baba, in gwada da kaina?" Ya ce in gwada, amma kada in yi a rana, kuma kada in danna da ƙarfi a gefen ƙofa.

A nan na fahimci cewa fentin mota hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai wani shafe garai-garai a sama wanda ke ba da sheƙi. Wannan na saman bai kai kaurin takarda ba. Man gogewa kuma ba cike ƙwarzane yake yi ba, yadda na zata da farko. Ɗan yashi ne mai laushi a cikinsa, yana cin saman da ke kewaye da karcen har wurin ya daidaita. Kenan duk gugar da ka yi, daga wannan siririn shafen kake ragewa.

Na sayi man gogewa mai suna G3, wanda masu fenti da yawa ke aiki da shi. Bayan la'asar na ja motar inuwar bedin ƙofar gida, na wanke ƙofar tas, na jira jikin ya huce. Kaɗan na lakata a soso mai ɗan danshi, ina gogawa a hankali, ina yayyafa ruwa idan ya fara bushewa, ina sharewa da tsumma mai laushi in duba. Zagaye na uku layi biyu suka tafi. Na ukun ya ɗan ja ni lokaci, hannu ya gaji, amma shi ma ya bi su. Wurin ya ɗan dusashe, sai da na bi shi da folish sannan sheƙin ya dawo daidai da sauran ƙofar.

Na huɗun yana nan. Ya rage fari saboda bakinsa ya kwanta, daga nesa ba ka lura, amma da ka matso za ka gan shi. Na so in ci gaba da guga, sai na tuna maganar Baba na tsaya. Ban ga laifin man ba, abin da aka yi shi dominsa ya yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da na ga ƙofar da na goge ta fi sauran motar baƙi. Ashe duk jikin cike yake da ƙananan karce masu zagaye, daga busasshen tsumman da ake share ƙurar hunturu da shi kowace safiya. Ƙurar nan yashi ce. Yanzu na hana a taɓa motar sai an fara watsa mata ruwa.

Layin da ya rage kuma ranar Asabar zan mayar wa Baba, ya ce in zo kafin damina ta sauka tsatsa ta samu hanya.