Sabon babur daga Sabon Garin Zariya: yadda muka kwashe da dila da kamfani

Shagon yana cikin Sabon Gari, a layin masu sayar da babura. Ba zan kama sunansa ba, haka ma sunan kamfanin da ya ƙera babur ɗin da na saya. Duk wanda ya saba bi ta layin ya san irin shagon: kwalaye jibge har rufi, sababbin babura a jere bakin titi da leda a kan kujerunsu, Boxer da TVS 'yan Indiya a nan, Haojue da Jincheng 'yan China a can, ga roba-roba na malaman makaranta da 'yan ofis.

Sana'ata sayar da iri da maganin feshi ce, ina cin kasuwannin Giwa da Maƙarfi da Soba, don haka babur a wurina ba abin ado ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya fara cinye min riba. Darajar naira ta faɗi a bayan haka, su ma babura suka yi tashin gwauron zabo, tunda a kwali ake shigo da su ko kayan haɗa su daga waje. Sai da na sayar da tsohon nawa, na haɗa da kwasar adashi, sannan na iya tunkarar sabo. Kuɗin ya haura naira miliyan ɗaya.

A ba kowa haƙƙinsa: wajen ciniki da takardu, shagon ba shi da makusa. Farashinsa ya ɗan yi ƙasa da na maƙwabtansa, kuma ba a cusa min dillali a tsakani ba, balle maganar la'ada. Alhaji mai shagon da kansa ya rubuta rasit, ya sa yaro ya karanto lambar injin da lambar shasi daga jikin ƙarfen, ba daga jikin kwali ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lamba ɗaya ta saɓa da abin da ke takarda, wajen yin rajista za ka fara ganin tasku, daga baya kuma ka gamu da shi a shingen 'yan sanda.

Wajen haɗa babur ɗin ne na fara ganin abin da bai kwanta min ba. Yara biyu ne suka fasa kwalin a ƙasa, cikin ƙura. Kayan aikinsu sifana 'yan ƙalilan da filaya da guduma. Ƙaramin ya zuba wa batir ruwansa, bai bar shi ya huta ba ya ɗaura shi nan take, alhali batirin da ke zuwa a bushe yana son a bar shi ya sha ruwan tukuna. Babban kuwa duk noti ɗaya yake yi masa, ya ja iya ƙarfinsa, in bai shiga ba ya taimaka masa da guduma. Da suka ce sun gama, na ga wayar mita mai ƙirga kilomita tana reto. Na ce a haɗa. Yaron ya ce, "Oga, ai ba wanda ke amfani da ita." Na ce ni zan yi. Ya haɗa yana ƙunƙuni. Ba wani babba da ya duba aikin nasu, ba a gwada birki ba, ba a duba ko sarƙa ta yi tauri ba. Aka buga kik, ya tashi, aka ce Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Katin garanti yana cikin ledar littafin babur, kuma da ban yi magana ba haka zan tafi da shi fari fat. Wani abokina ɗan acaɓa ne ya ja min kunne tun a gida cewa katin da ba hatimin dila ba shi da amfani. Da na miƙa, Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ɗan boko ne ashe." Sai da aka yi ta laluben hatimin a cikin durowa.

Na yi juyen baƙin mai na farko a kilomita 500 kamar yadda littafin ya ce, wurin bakanikena na Samaru, da man gwangwani da na sayo da hannuna. Ban yi masa lodi mai nauyi ba, ban kuma matsa masa da gudu ba, don injin ya saki a hankali. Duk da haka bai kai kilomita 1,500 ba ya fara tsiyayar da mai ta tsakanin kan injin da bulonsa, kullum da safe sai in tarar da ɗigo a zaure. Daga baya salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi in na murɗa. Bakanike ya kwance fulogi, ya nuna min bakinsa ya yi baƙi ya jiƙe da mai. Ya ce, "Maigida, wannan ringi ne, ko dai gasket. Amma ni ba zan buɗe ba. Ina taɓa noti ɗaya za su ce ni na ɓata." Na gode masa da wannan gaskiyar.

Daga nan shagon ya zama wani shago daban. Yau Alhaji ya tafi Legas, gobe ya shiga masallaci, jibi yana hanya. Yaron da ke rawar jiki yana kawo min ruwa ranar ciniki, yanzu ko kujera bai nuna min ba, sai ya ɗora yatsa kan ƙasan rasit inda aka buga da Turanci cewa kaya in sun fita ba a dawo da su. Na ce masa ai ni babur na saya, ba rariya ba. Ranar da na yi dace da Alhajin, bai yi min rashin mutunci ba, amma bai ɗauki komai a kansa ba. "Malam, ka yi haƙuri. Mu 'yan kasuwa ne, yadda kwali ya zo haka muke sayarwa. Wannan tsakaninka da kamfani ne." Na ce, "Alhaji, ai kamfani ban san shi ba, kai na ba kuɗina, yaranka ne kuma suka haɗa." Ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Lambar wayar da ke bayan katin tana aiki, wannan ya ba ni mamaki. Wata mata ce ta ɗauka, Turanci kawai take ji. Na yi ta tunanin yadda manomi daga Soba, ko ɗan acaɓan da ya karɓi babur bashi yana biya kullum, zai yi bayanin hayaƙin salansa a wannan layin. Kamfanin da ke sayar da babura haka a Arewa bai kamata a ce ya rasa mai jin Hausa a kan wayarsa ba. Ta ce in turo hoton kati da rasit da mita ta WhatsApp. A nan wayar mitar nan ta yi min rana. Matar ta haɗa ni da injiniyansu a Kaduna.

Tambayarsa ta farko, ina na yi juye? Da na faɗa, sai ya ce garanti ya faɗi, domin sharaɗi shi ne a yi sabis a wurin da kamfani ya amince da shi. Na ce, "Injiniya, ina wurin yake a Zariya?" Ya yi shiru, can ya ce dila ne ya kamata ya faɗa min. Dila kuwa ko da wasa bai ambata ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan: kamfani ya kafa sharaɗi, dila ya yi gum, mai saye ne ke biyan kuɗin shirun. Na san garanti ba ya ɗaukar fulogi da ƙwan fitila da birki da sarƙa, abubuwan da ke cinyewa da aiki, kuma ban yi gardama a kan wannan ba. Amma ringin sabon injin ba ya cikinsu.

Na ce masa ina da gwangwanin man da rasit ɗinsa, kuma zan rubuta wa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda dokarta ta 2018 ta ba mai saye damar a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa in kaya sun zo da aibu. Murya ta sauya. Ya ce in kawo babur ɗin.

Ni na biya kuɗin motar da ta kai shi Kaduna. Amma garejin nasu, gaskiya, aiki ake yi. A gabana aka buɗe injin a kan tebur mai tsabta, aka nuna min gasket ɗin da ya tsage da ringin da ya sami matsala, aka sa sababbi daga cikin ledar kamfani, aka ɗaure notin kai da sifana mai awo. Matashin da ya yi aikin Bahaushe ne, ya sake daidaita sarƙa da birki ba tare da na roƙa ba, ya kuma gano notin tayar gaba da yaran shago suka ci wa zare. Kayan kyauta aka ba ni, kuɗin aiki kuwa sai da na biya, wai rabin garanti ke nan. Kasuwannin da na rasa ana tsakiyar damina, lokacin da manoma ke neman maganin feshi ido rufe, ba wanda ya tambaye ni.

Tun daga nan babur ɗin lafiya lau, ba ɗigo ba hayaƙi, shan mansa kuma daidai. Da wani zai tambaye ni shagon, zan ce ya je don farashi da takardu masu kyau, amma ya tafi da bakanikensa a haɗa a gabansa, ko ya ɗauki kwalin a haɗa masa a wani wuri in dila ya yarda hakan ba zai taɓa garanti ba. Kafin ya tura kuɗi, a buga hatimi a kati, Alhaji kuma ya rubuta masa a bayan rasit inda zai kai babur sabis ɗin farko.