NABJ ko NNPA: Wacce Ce Ta Dace da Baƙar Fata Ɗan Jarida a Amurka?

Mutane da dama na ɗaukar ƙungiyoyin nan biyu a matsayin abu guda, alhali kowacce da waɗanda take yi wa hidima.

NABJ, wato ƙungiyar 'yan jarida baƙar fata ta Amurka, ta ma'aikata ce. 'Yan jarida 44 suka kafa ta a Washington a watan Disamban 1975, mutum ne ke shiga da sunansa, wakili ko edita ko ɗalibi. Ribarta tana cikin babban taronta na shekara-shekara, inda kafafen yaɗa labarai ke ɗaukar ma'aikata, sai rassanta na birane da tallafin karatu. Rauninta kuɗi ne: kamfanonin da ya kamata ta tsawata wa kan wariya su ne ke ɗaukar nauyin taron, ka ga kuwa bakin da ya ci shi ke godiya. Saɓani kan rabon kuɗi ne ma ya fitar da ita a 2011 daga UNITY, ƙawancen ƙungiyoyin 'yan jarida na tsirarun al'ummomin Amurka.

NNPA kuwa, wato ƙungiyar mawallafan jaridun baƙar fata, ta masu jaridu ce. John Sengstacke na jaridar Chicago Defender ya tara su a 1940. Jarida ce mamba, suna musayar labarai, suna neman talla tare, tallar da intanet ta wawashe.

Mai neman aiki ya nufi NABJ. Mai biyan albashi da kuɗin ɗab'i, NNPA ce tasa.