Na sa wa a-kori-kurata waifa mai jinkiri

A-kori-kurata Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu ya bar mini. Da ita nake jigilar taki da masara tsakanin Zariya da Funtuwa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waifarta. Idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ta da matsala. Amma ranar yayyafi, in ka bar ta a kunne sai robar ta riƙa gurzar busasshen gilashi tana ƙara, in ka kashe kuma ka daina ganin ramukan titi. Haka hannuna ke wuni a kan makunni.

Kafin ruwan Agusta na kai ta wurin wani mai wayarin a Sabon Gari. Ya kawo wata 'yar na'ura baƙa mai aiki da wutar lantarki bolt 12, girmanta kamar kwalin ashana biyu, da maɓallin murɗawa. Aikinta ta ba injin waifar wuta na ɗan lokaci, ya share sau ɗaya, ta jira, ta sake.

Gwajin farko waifar ta cije a tsakiyar gilashi. Ya ce, "Malam, ba laifin na'urar ba ne, abin da ke mayar da ita mazauninta ne ya ƙi." Ya kwance injin waifar, ya nuna mini wani faifan tagulla a ciki da tsohon giris ya daskare a kai. Ya goge shi da samfefa, ya sa sabon giris, ya ƙara fiyus a wayar. Daga nan ta riƙa komawa ƙasa ta kwanta. Na ji daɗi kuma da bai huda mini dashbod ba, a ƙarƙashin sitiyari ya ɗaure maɓallin. Kuɗin duka bai kai na rabin tanki ba.

Ƙorafina ɗaya, maɓallin ba shi da alama ko ɗaya, sai ka yi ta lalube kafin ka dace da jinkirin da kake so. Na ɗiga masa farin fenti a inda yake jira kamar daƙiƙa 6. Da shi na taho daga Giwa jiya da magariba cikin yayyafi, hannuna biyu a kan sitiyari har gida.