Farin tef mai kauri da ɗigon famfon bahon wanka: abin da na gani

Famfon bahon wankan gidanmu irin wanda ake kafawa a jikin bango ne, mai hanyar ruwan zafi da ta ruwan sanyi, kuma tun farkon bazara ya fara ɗiga daga bayan murfin ƙarfen da ke rufe bakin bututun ruwan sanyi. Ɗigon bai taka kara ya karya ba a ido, sai dai ya bar zanen tsatsa a kan tayil, kuma fentin ɗakin da ke bayan banɗakin ya soma kumbura yana ɓarewa, abin da ya tabbatar mini cewa ruwan da yake shiga cikin bango ya fi wanda nake gani yana gangarowa. Wannan ne ya sa na sayo farin tef ɗin da masu gyaran famfo suke naɗawa a tiredi, wato zagayayyun ramukan da ke bakin ƙarfe inda ake murɗa shi ya shiga wani, na zaɓi mai kauri, mai faɗin milimita 12, na bar siririn da aka fi sayarwa da araha.

Da na rufe ruwa daga tanki na kwance notin biyu da sifana, sai na ga inda matsalar take. Tsakanin famfon da bango, a ɓangaren ruwan zafi da na sanyi, kowanne akwai wani ɗan karkataccen ƙarfe, wanda kansa ɗaya mai tiredin rabin inci yake shiga bututun bango, ɗaya kan kuma mai kwata uku na inci yake karɓar notin famfo. An karkata shi ne da gangan domin a riƙa juya shi har tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ta kai milimita 150, wadda ita ce tazarar da aka fi yin irin waɗannan famfuna da ita. Tef ɗin da na tarar a jikinsa siriri ne ƙwarai, har ana hango ƙarfe ta cikinsa, ya yayyage ya taru a gindin tiredin kamar tsumma, ramukan tiredin kuwa babu komai a cikinsu.

Tef ɗin ba gam ba ne, kuma ba ya manna komai da komai. Da sinadarin PTFE ake yin sa, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, aka kuma san shi da sunan Teflon, shi ne kuma ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama. Santsinsa ne yake sa tiredi ya shige sosai ba tare da ya cije ba, taushinsa kuma yake sa ya cusu cikin ƴan gibin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya toshe wa ruwa hanya. A nan ne mai kaurin ya nuna fifikonsa. Na goge tiredin da tsohon buroshin haƙori har ya fita tas, na bar zagayen farko a buɗe don kada guntun tef ya faɗa cikin bututu, sannan na naɗa sau bakwai ta ɓangaren da hannun agogo yake juyawa idan mutum yana fuskantar bakin ƙarfen, ina ja ina dannawa da babban yatsa. Bai tsinke ba, bai murɗe ya zama zare ba kamar yadda siririn yake yi a hannu, kuma ya kwanta cikin ramukan har siffar tiredin ta fito ta samansa.

Duk da haka aikin farko bai yi ba, kuma wannan ne babban raunin tef ɗin da nake son duk mai saye ya sani. Bayan na ɗaure ƙarfen sai na ga na wuce inda ya kamata, na mayar da shi baya kaɗan don ya daidaita da ɗan'uwansa. Da na buɗe ruwa, cikin minti goma takardar da na liƙa a ƙarƙashin mahaɗar ta jiƙe. Tef ɗin da aka riga aka matse ba ya sake kumbura ya cike gurbin da aka buɗe, saboda haka komawa baya, komai ƙanƙantarsa, yana iya buɗe wa ruwa hanya. Dole na kwance, na cire komai, na sake naɗa sabo, a wannan karon ina juya ƙarafan biyu a hankali ina aunawa, na tsaya daidai wurin ba tare da na wuce ba.

A ɓangaren notin famfo kuwa ban sa tef ko kaɗan ba, domin washa ta roba ce take riƙe ruwa a wurin, kuma tef yana iya hana noti ya matse ta yadda ya kamata. Tsohuwar ta bushe ta tsage, na canja ta da sabuwa. Haka nan idan bakin bututun da ke cikin bango ya tsage, ko tsatsa ta cinye tiredinsa, ko nawa aka naɗa ba zai yi magani ba, sai an kira mai gyara ya fasa tayil ya canja shi.

Yau wata uku ke nan, na kan ɗaga murfin lokaci-lokaci na shafa yatsa a mahaɗar, kuma a bushe nake samun ta, bangon ɗaya ɗakin ma ya bushe har na sake masa fenti. Kuɗin mai kaurin ya fi na siririn, amma ban ci ko rabin naɗin ba duk da aikin da na maimaita, kuma shi zan sake saye idan ɓangaren ruwan zafi ya fara tasa ɗigar.