Ranar da wayata ta manta da ni a Kumasi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na san tun ranar Talatar nan da na kira ka da baƙuwar lamba ina haki, na ce ka lalubo tsohon layina a cikin durowa, kake jiran bayani. A lokacin da wayar aro nake magana, mai ita kuma yana tsaye a kaina. Yau kasuwa ta yi sanyi a Alabar, bari in warware maka zare da abawa.

Laifin nawa ne tun farko. Yaran gidan da nake haya a Aboabo sun haddace zanen da nake ja da yatsa in buɗe waya, da na shiga wanka sai in fito in tarar sun cinye mini data. Daren Alhamis na cire zanen, na sa lamba shida da na ga babu mai iya cankarta. Daga nan ban sake buga ta ba, domin dangwala yatsa kawai nake yi ta buɗe. Ranar Litinin aka ɗauke wuta, abin da mutanen nan ke kira dumso, batir ya mutu. Da na kunna ta da asuba sai ta ce ba ta san yatsa ba, lamba take so. Ashe haka tsarinsu yake: duk lokacin da waya ta mutu aka kunna, sai ka buga lambar sirri kafin yatsa ya sake aiki. Na buga shekarar haihuwata haɗe da lambar shago, na buga ƙarshen lambar wayar Inna, na juya su gaba da baya. Bayan kuskure biyar ta ce in jira daƙiƙa 30. Yaya, zufa ta keto mini a cikin sanyin asuba.

Da rana na shiga turoturo, wato motar hayarsu, zuwa Adum, wajen da ake kira PZ. Kamar dai Farm Centre ɗinmu ce ta Kano: gilasai cike da Tecno da Infinix da itel, samari na tare ka suna tambaya sayarwa ko gyara, lasifika na tashi ta ko'ina. Kayan iri ɗaya ne da na gida, har cajar ma ba sai ka canza ba, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Wayar da muke kira 'yar Landan su hom-yus suke ce mata. Bambancin da na fara gani a bakin mai gyara ne.

Mutumin da aka kai ni wurinsa Ba'ashante ne, amma yaronsa ɗan Zango ne, shi ya yi mana tafinta da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji: “Alhaji, wayan ka ya kulle?” Kafin maigidan ya taɓa ta sai ya ce ina rasit, ina kwali. Na ce a Kano na saye ta. Ya ce to in nuna katin shaida. Raina ya ɗan sosu, na ga kamar ɓarawo ya ɗauke ni don ya ji ni baƙo. Yaron ya ce in yi haƙuri, ba ni kaɗai ba, wayoyin sata na yawo a wurin, idan 'yan sanda suka biyo sawu mai gyara ake fara damƙa. Na ciro katin Gana na baƙi, wanda ba kyauta muke samunsa ba kuma sai an riƙa sabuntawa. Ya buɗe wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu, ya rubuta lambar katina, ya juya bayan wayar ya kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, guda 15 ɗin nan, ya miƙo mini biro in sa hannu. Ka san sau nawa muka kai waya filashin a gida, ban tuna ranar da aka tambaye mu ko sunanmu ba. Ban ce kowa a Adum haka yake ba, wataƙila na layin baya da ya karɓa ba tambaya. Amma a gaskiya daga baya abin ya burge ni.

Sai kuma ya faɗa mini abin da ban so ji ba. Buɗewa za ta buɗe, amma sai an goge komai. Na ce a'a, na taɓa ganin yaro a Beirut Road ta Kano ya cire makulli hotuna na nan daram. Ya yi dariya, ya ce wannan zamanin tsofaffin Android ne. Na yanzu duk abin da ke cikinsu a rikiɗe yake, lambar sirrinka ce ke warware shi, idan babu ita ko an fasa wayar shara za a tarar. Ya ce duk wanda ya yi maka alkawarin cire makullin sabuwar waya ba tare da goge ta ba, kuɗinka yake so. A nan sai na tuna wani abokinmu da ya yi ta yawo da Samsung ɗinsa daga shago zuwa shago, kowa na karɓar kafin alƙalami.

Aikin kansa bai kai minti 10 ba. Ya kashe ta, ya danne maɓallin kunnawa da na ƙara murya tare, wani baƙin shafi mai ƙananan rubutu ya fito, ya zaɓi gogewa. Da na tambayi kuɗi ya ce miliyan ɗaya, saura kaɗan in faɗi. Ashe sidi 100 yake nufi. Tun 2007 aka cire wa kuɗinsu sifili huɗu, amma har yau manyan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Muka yi ciniki ya rage. Ciniki dai nan bai kai namu daɗi ba, ba a jan sa da wasa da dariya, sau biyu za ka taya a ce maka an gama.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da wayar ta tashi sai ta ce a sa adireshin Gmail ɗin da yake kanta a da. Wannan makulli na biyu ne, tun wajen 2015 Google ya sa shi a Android don kada ɓarawo ya goge waya ya mora. Masu iPhone nasu ya riga namu, tun 2013, kuma ya fi tsauri, shi ya sa za ka ga iPhone mai kyau ana sayar da ita don a cire gilashi da batir kawai. Ni kuwa Gmail ɗin nan yaron shagon da na sayi wayar ne ya buɗe mini, ya rubuta kalmar sirrin a bayan rasit, rasit ɗin kuma Allah kaɗai ya san inda yake. Abin da ya cece ni shi ne da tsohon layina na MTN aka buɗe shi. Lamba shidan nan da Google ya turo wa layin ka karanto mini, ita ce ta ba ni damar sa sabuwar kalmar sirri. Mai gyaran ya ce in ba ta awa 24 kafin in gwada a wayar, tunda yanzu aka canza. Washegari ta karɓa, lambobin mutane suka zubo gaba ɗaya, na ce Alhamdulillahi.

Inda na sara wa Gana shi ne wajen kuɗi. Tun a shagon na zare sim ɗina na nan na sa a 'yar rakani-kashi ta yaron, na buga *170#, kuɗina na MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, suna nan ko kwabo bai yi ciwo ba, da su ma na biya mai gyara. Kuɗin a jikin layi suke, ba a jikin waya ba, kuma mai wake da shinkafa, mai koko, direban tasi, kusan kowa na karɓa. Manhajar bankina ta gida kuwa har yau ba ta tashi ba, ta ce wannan sabuwar waya ce, tana neman lambar da za a turo wa layin da ke hannunka. Amma ta wajen ƙwarewar hannu ban ga wanda ya kai yaranmu ba. Wanda zai zauna da na'urar hura zafi ya ɗaga ƙwayar da ta ƙone a allon da ke cikin waya ya dasa wata, a Kano ya fi yawa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Nan da an ga abu ya yi wuya sai a ce a canza allon gaba ɗaya.

Abin da ya tafi ya tafi. Hirar WhatsApp ta dawo, amma ta watan azumi, don tun lokacin na hana ta ajiya saboda tsadar data. Muryoyin Inna na bayan sallah duk babu. Babbar asarar ita ce lissafin bashi: duk wanda ya ɗauki hula ko shadda ko turare, a cikin wayar nake rubutawa. Kwana uku ina bin mutane ina tambaya cikin dabara, “Malam, nawa ma ya rage tsakaninmu?” Wani limami a Asawase ya faɗi abin da ya fi wanda nake tsammani. Wasu biyu kuma sun ce ai sun gama biya, na dube su, suka dube ni. Matar da ke sayar da atamfa kusa da ni, da ta ji labari, ta ɗago littafinta da ke ɗaure da roba ta kaɗa mini shi a fuska, ba ta ce komai ba. Na sayi nawa a kasuwar Kejetia.

Roƙona, Yaya, layin nan kada a bar shi ya mutu. Idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai ƙwace ya sayar wa wani, ga shi da NIN ɗina aka haɗa shi, banki ma shi ya sani. Ka sa shi a ƙaramar wayar Inna, a riƙa sa masa kati ana kira ko sau ɗaya a wata. Ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe agogonku, wato 9 a nan, zan sake gwada na bankin, ka kasance kusa da shi. Ka kuma ce wa Inna ta sake yi mini addu'ar nan da ta turo ranar sallah, a naɗa a aiko.

Ƙaninka, daga Aboabo, Kumasi.