Na'urar awon tsatsa da muke aiki da ita a Yamai: abin da na gani

Tun bara muke amfani da wata ƙaramar na'urar awon tsatsa, wadda masana ke kira potansiyostat, a wurin aikinmu na gyaran famfunan burtsatse a nan Yamai. Tana shiga aljihun jaka, kuma daga kwamfutar hannu take shan wuta ta USB. Ko an ɗauke wuta ana tsakar awo, aiki ba ya tsayawa. Duk wanda ya san watan Afrilu a garin nan ya san darajar wannan.

Mun saye ta ne saboda ƴan kasuwa sun fara kawo mana kayan famfo da suka ce an lulluɓe da "ƙarfen gilashi", wai ba ya tsatsa. Ƙarfen kam akwai shi. A 1960 Pol Duwez da ɗalibansa a jami'ar Caltech ta Amurka suka narka zinariya da silikon, suka sanyaya su da saurin kusan digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa, har ƙwayoyin zarra suka daskare ba su samu jeruwa ba. Ƙarfen da muka saba da shi tsaba-tsaba ne a ciki, tsatsa kuwa ta fi son shiga ta mahaɗar tsabar, kamar yadda ruwan damina ke bin tsagar katangar ƙasa. Shi ƙarfen gilashi ba shi da mahaɗar.

Awon ba wuya. Ka tsoma guntun ƙarfen cikin ruwa mai gishiri kashi 3.5 cikin ɗari, tare da sandar ma'auni (wadda na'urar ke gwada ƙarfin wutar guntun da ita) da sandar girafit. Na'urar ta riƙa tura masa ƴar wuta mai kai da komo, milibolt 10 kacal, tana rage saurin kaɗawar daga 100,000 a daƙiƙa har zuwa sau ɗaya cikin daƙiƙa 100. A allo sai ka ga rabin da'ira yana fitowa ɗigo-ɗigo. In ya yi faɗi, ƙarfen yana turje wa wutar, tsatsa na cin sa a hankali. In ya tsuke, yana ciwuwa.

A nan ne ta biya kuɗinta. Mun gwada siririn ƙarfen gilashi irin na cikin taransifoma, wanda baƙin ƙarfe ne da silikon da boron, a ruwan wata rijiya da aka kawo mana daga Tahoua. Da'irarsa ƴar mitsitsiya, washegari kuwa ja ya rufe shi har ruwan kwalbar ya rine. Wani guntu mai kurom (wani ƙarfe mai ƙyalli) a ciki, ɗigonsa sai hawa yake yi, da'irar ma ba ta rufe ba. Ya yi daidai da abin da Naka da Hashimoto da Masumoto suka nuna a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1974: sai an zuba kurom irin wannan ƙarfen gilashi ke yin siririyar fatar da ke kare shi. Yanzu duk mai kawo mana kaya, tambayata ta farko ita ce: "Alhaji, nawa ne kurom ɗin da ke ciki?"

Tana da nata aibi. Manhajar da Turancin Ingilishi kaɗai take, yaranmu kuwa Faransanci suka karanta. In akwai fanka ko injin walda kusa, ɗigon ƙarshe sai su warwatse, dole mu sa kwalbar cikin akwatin ƙarfe. Abin da ya fi damuna shi ne sandar ma'aunin: zafi da hunturu na busar da ruwan cikinta da wuri, in ta bushe kuma sakamakon ƙarya za ta ba ka ba tare da ka sani ba.

Ga mai sayen kayan famfo da yawa, ko ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni, ina ba da shawarar a saye ta. A dai haɗa odar da sandar ma'auni ta biyu da ruwanta, don mu mun sha wuya kafin mu same su a kasuwar nan.